SAYEN ABINCI MAI GINA JIKI TA HANYAR INTANET
Darasi Domin Iyalai Masu Ƙaramin Ƙarfi

Abinci shi ne ke cinye kaso mafi tsoka na abin da talaka ke samu. In farashi ya hau, abin da maigida kan fara ragewa a cefane shi ne wake da kifi da ƙwai da ganyaye, a bar tuwo da tsinkakkiyar miya. Ciki zai cika, amma yara ne ke biyan bashin. Binciken lafiyar jama'a da aka yi a Nijeriya cikin 2018 ya nuna cewa kashi 37 cikin 100 na yaran da ba su kai shekara 5 ba sun tsumbure. Saboda haka duk wata hanya da za ta kawo abinci mai kyau cikin rahusa ta cancanci a yi nazarinta.

Misali Daga Amurka

Gwamnatin Amurka tana da wani shiri mai suna SNAP, wanda cikin 2023 yake tallafa wa mutum sama da miliyan 40. Kowane wata akan zuba wa iyali kuɗi cikin wani kati mai lambar sirri. Da katin ana sayen hatsi da nama da madara da kayan lambu, har da irin shuka, amma ban da giya da taba.

A da sai mutum ya je kanti da ƙafarsa. Wannan kuwa wahala ce ga tsofaffi da naƙasassu da mazauna unguwannin da ba su da babban kanti a kusa. Cikin watan Afrilu na 2019 aka fara gwajin saye da katin ta intanet a Jihar New York. Da annobar korona ta zo a 2020, sai shirin ya bazu cikin sauri, kana a 2023 ya game jihohi 50 na ƙasar. Sai dai doka ba ta yarda a biya ladan kawo kaya gida daga cikin katin ba, watau mai saye shi zai biya daga aljihunsa.

Amfaninsa Da Cikasinsa

Mai saye ta waya yana ganin jimlar kuɗi tun kafin ya biya, don haka yana iya cire lemon kwalba ya sa wake a madadinsa. Yana iya gwada farashin 'yan kasuwa uku yana zaune a gida, ga kuɗin mota ya huta. Cikasin kuwa uku ne: ladan kawo kaya, da kuɗin data, da kuma cinikin biri a sama, domin ba a latsa tumatir a hoto.

Yadda Za A Ci Moriyarsa A Nan Gida

Jama'armu sun daɗe da sanin watanda, inda akan haɗa kuɗi a sayi sa a raba nama. Haka nan gida biyar ko goma za su iya haɗa kuɗi su aika wa ɗan kasuwa saƙo ta waya, su sayi buhun wake ko garwar manja a farashin sari, su raba da mudu. Ladan kawowa da zai yi wa gida ɗaya nauyi, in an raba shi goma ya zama ƙanƙane.

Ga abubuwan da ya kamata a kiyaye:

1. A rubuta jerin cefane kafin a taɓa waya. Ya ƙunshi mai ba da ƙarfi kamar gero da dawa, da mai gina jiki kamar wake da gyaɗa da busasshen kifi, da mai kare jiki kamar zogale da alayyafo.

2. A sayi abin da ke jure ajiya ta waya. Ɗanyen ganye da tumatir kuwa a saye su a kasuwar kusa, inda ido zai gani.

3. Kayan gwangwani da na leda a duba lambar hukumar NAFDAC da ranar da za su lalace. Tun 2002 doka ta wajabta ƙara sinadarin bitamin A cikin fulawa da sukari da man girki, alamarsa kuwa hoton ido ne a jikin kaya. Gishiri kuma a zaɓi mai aidin.

4. A fifita biyan kuɗi bayan kaya sun iso, an duba, an auna.

5. Kada a faɗa wa kowa lambar sirri ta katin banki, ko da ya ce shi ma'aikacin banki ne.

6. Wanda aka cuta ya adana shaidar biya, ya kai ƙara ga hukumar kare haƙƙin masu saye ta tarayya, watau FCCPC.

Ana roƙon masu unguwanni da malamai da shugabannin ƙungiyoyin mata su karanta wa waɗanda ba su iya karatu ba wannan bayani, su kuma taimaka wajen zaɓen amintaccen mutum da zai riƙe kuɗin haɗaka. Rigakafi ya fi magani.