Darasin Lafiya: Zazzaɓin Cizon Ɓera

Kaka ta yi a Gwarzo da Kabo. Gero da dawa sun shiga rumbu, ɓera kuma ya biyo su. Da dare yakan shigo ɗaki. Yaron da ya ci tuwo ya kwanta bai wanke hannu ba, shi ɓera ya fi nema. Sai ya gatsa masa yatsa.

Mai karatu, kada ka raina wannan ɗan rauni.

A cikin bakin ɓera da hancinsa akwai ƙwayoyin cuta da ido ba ya gani. Ɓeran yana yawo da su lafiya lau. Idan ya ciji mutum ko ya yakushe shi, sai su shiga jini. Iri biyu ne. Likitoci suna kiran na farko Streptobacillus moniliformis, na biyu kuma Spirillum minus. Ba sai ka haddace sunayen ba. Alamun za ka riƙe.

Na farko yana tashi bayan kwana 3 zuwa 10. Akan yi zazzaɓi da amai da ciwon kai. Gaɓoɓi su kumbura, ƙuraje su fito a tafin hannu da ƙafa. Na biyu yakan yi sati ɗaya zuwa uku kafin ya tashi. Raunin ya warke, sai ya sake buɗewa, kaluluwa ta fito.

Ga inda ake kuskure. Lokacin da zazzaɓin ya zo, an manta da cizon. Sai a ce sauro ne, a sha maganin maleriya, ciwo na ta ci. Cikin mutum goma da ba a yi wa magani ba, kusan ɗaya yakan mutu. Alhali penisilin yana kashe ƙwayar.

Ko ba cizo ana kamuwa. A 1926, a garin Haverhill na Amurka, mutane sun kamu ta hanyar shan madarar da ba a dafa ba. Don haka a rufe abinci da randa. Yara masu haƙar ramin ɓera da rani, a ja musu kunne.

Wannan ciwo daban yake da zazzaɓin Lassa, wanda penisilin ba ya yi masa komai.

Idan ɓera ya yi cizo, a wanke wurin da sabulu da ruwa mai yawa nan take. Kada a shafa toka ko ƙasa. A tafi asibiti, kamar babban asibitin Gwarzo, a gaya wa likita ranar da aka yi cizon.