Shan Hantsi: Darasi a Kan Ƙadangare da Ɗan Adam

Hausawa su kan yi wa hantsi kirari su ce, "Hantsi leƙa gidan kowa." Gaskiyarsu ne, don ba ya zaɓen gidan sarki ya bar na talaka, kuma ba mutane kaɗai ya ke leƙa wa ba. In hunturu ya kankama, duba gindin katangar da ke fuskantar gabas da misalin ƙarfe takwas na safe. Ga tsofaffi zaune sun miƙe ƙafa, ga awaki sun jingina da bango, ga kaza ta kwanta ta baza fiffike, a bisa katangar kuma ga jan gwada yana gyaɗa kai. Dukansu abu guda su ke yi, amma dalilinsu ba ɗaya ba ne. Wannan bambanci na ke so in bayyana wa 'yan'uwana, musamman waɗanda za su fita gwajin koyarwa, don darasi ne da ba ya bukatar littafi ko kuɗi, kuma ya shafi lafiyar yaran da za a ba mu amana.

Mu fara da sanyin kansa. Daga wajen ƙarshen Nuwamba zuwa Fabrairu iska ta kan taso daga arewa maso gabas, ta ratso Sahara, ta iso mana a bushe. Da dare babu gajimare, babu laima a iska da za ta tare zafin da ƙasa ta sha da rana, saboda haka sai ya yi ta tserewa sama har asuba. Shi ya sa sanyi ya fi tsanani gab da fitowar rana, ba da tsakar dare ba. A wuri mai tudu kamar Jos, wanda ya ɗara teku da ƙafa wajen 4,000, wani dare ma'aunin zafi ya kan sauko kusa da digiri 10 na Salsiyas. Ita kuwa rana tana nesa da mu mil miliyan 93, haskenta ya kan yi minti 8 da 'yan kai kafin ya iso. Da safe a karkace ya ke saukowa, ya bazu a fili mai faɗi, shi ya sa hantsi ke da daɗi. Da tsakar rana kuwa a tsaye ya ke zuwa, sai ya yi ƙuna.

To, ga gindin maganar. Mutum da akuya da kaza suna da wuta a cikin jikinsu. Abincin da mu ka ci shi ne itacen wutar, jiki yana ƙona shi a hankali dare da rana, zafinmu ya tsaya wajen digiri 37, ko da ɗari ko da bazara. In sanyi ya matsa mana sai mu yi makyarkyata, watau tsoka ce ke motsi don ta ƙara zafi. In zafi ya yi yawa mu yi gumi. Ƙadangare ba shi da irin wannan wuta mai ƙarfi. Zafin jikinsa yana bin na wurin da ya ke. In gari ya waye da sanyi jikinsa ya kan yi nauyi, ba ya iya gudu sosai, ba ya iya cafke ƙwaro, abin da ya ci ma ba ya narkewa da kyau. Tilas ne ya fito ya aro zafi daga rana.

Ku tsaya ku lura da shi, za ku ga dabara. Da farko ya kan juya gefensa ko bayansa ga rana, ya baje cikinsa a kan dutse, don haske ya sami wuri mai faɗi a jikinsa. A lokacin nan launinsa a dushe ya ke, baƙi-baƙi, abu mai duhu kuwa ya fi saurin shan zafi. In ya ɗumama sai kan jan gwada ya yi ja sosai, ya fara kai da kawowa. In rana ta take ya ɗaga cikinsa daga dutsen, ko ya gudu inuwa. Da wannan shiga da fita ya kan riƙe zafin jikinsa kusa da namu yawancin yini.

Akwai riba a cikin wannan hali. Tun da ba shi ke hura wutarsa ba, abincin da ƙadangare ke bukata bai wuce kimanin kashi ɗaya cikin goma na abin da ɓera mai nauyinsa ke bukata ba. Haka damo da guza da kififiya da maciji su ke. Wanda ya je Yankari zai ga kadoji kwance a bakin kogin Gaji, wani ya wangame baki, in zafi ya ishe shi ya sulale cikin ruwa. Ƙwari ma haka ne. Malam-buɗe-littafi ya kan buɗe fikafikansa ga rana kafin ya tashi, masu kamun fara kuma sun san da sanyin dare ko na asuba a ke samunta, sa'ad da ba ta iya tashi.

To, mu masu wuta a ciki, me ya kai mu hantsi? Dalili na farko tattali ne. Duk zafin da rana ta ba mu kyauta ya rage itacen da jiki zai ƙona. Shi ya sa tsoho da mai jinya da yaron da bai karya kumallo ba su ka fi kowa neman hantsi. Tsuntsaye suna da ƙarin dalili, don zafin rana yana taimaka musu wajen korar ƙwarin da ke maƙale a gashinsu.

Dalili na biyu ba a ganinsa da ido. A cikin hasken rana akwai wani kashi da ido ba ya gani, wanda in ya taɓa fata sai ta ƙera abin da a ke kira bitamin D. Shi ke taimakon hanji ya tsotsi kalsiyam, watau abin da ke gina ƙashi. Yaron da ya rasa shi ƙashinsa ya kan yi laushi, ƙafafunsa su yi gwame ko su lanƙwashe kamar baka. Ciwon nan ya addabi yaran biranen Turai masu hayaƙi da ƙuntatattun lunguna. A 1919 wani likita a Balin, Kurt Huldschinsky, ya warkar da yara da fitila mai ba da irin wannan haske, a 1922 kuma Elmer McCollum na Amurka ya gane bitamin ɗin. Ku riƙe abu biyu: wannan kashi na haske ba ya ratsa gilashin taga, kuma da sanyin safiya kaɗan ne, sai rana ta ɗan ɗaga ya ke yawa.

Amma kada malami ya ga yaro mai lanƙwasassun ƙafafu ya ce rana kaɗai ya rasa. A 1999 likita Tom Thacher da abokan aikinsa su ka buga sakamakon binciken da su ka yi a Jos, inda su ka ga yaran da a ka ba kalsiyam sun fi waɗanda a ka ba bitamin D kaɗai warkewa. Watau a ƙasarmu rana ta wadata, abincin ne ya gaza. Nono da ƙananan kifi da a ke ci har ƙashi da miyar kuka duk suna da kalsiyam. Irin wannan yaro a shawarci iyayensa su kai shi asibiti tun da wuri.

Ga yadda na ke ba da shawara a koyar da darasin.

1. A sami gwangwani biyu masu girma ɗaya, a shafa wa ɗaya baƙin tukunya, ɗaya farar ƙasa. A zuba musu ruwa daidai wa daida, a ajiye a rana sa'a guda, yara su tsoma yatsa su faɗi wanda ya fi ɗumi.
2. A zaɓi katanga ɗaya, yara su ƙidaya ƙadangarun da ke kanta da ƙarfe 7, da 9, da 12, da 4, har kwana biyar, su rubuta a allo. Kada a gaya musu amsa, su za su gano ta. Gani ya kori ji.
3. A tambaye su: don me akuya ke kiwo da sanyin safiya, ƙadangare kuwa sai ya jira?

Sai gargaɗi. Maciji ma mashayin hantsi ne, kuma da yamma ya kan kwanta a kan dutse ko hanyar da ta riƙe ɗumi. A hana yara jefa hannu ƙarƙashin duwatsu ko cikin rami, a kuma hana su jifan ƙadangaren da mu ka zo koyo daga gare shi. In akwai zabiya a aji, shi rana cuta ce gare shi, don fatarsa ba ta da baƙin da ke kare ta, har ta kan jawo masa ciwon daji na fata. A ba shi inuwa da malafa da riga mai dogon hannu, kada kuma a bari 'yan'uwansa su yi masa ba'a.

Na ƙarshe, ranar da ku ka shiga aji ku ka tarar da yara sun ƙudundune, yatsu sun ƙage har ba sa iya riƙe alli, kada ku ce lalaci ne. Ku fito da su gindin bangon gabas a yi darasin farko a hantsi, in rana ta yi zafi a koma ciki. Allah ya ba mu ikon riƙe amana, amin.