Darasi Na 17: Raguwar Ƙarfin Namiji

Dukanmu mun san bunsuru, mun kuma san taure. In aka dandaƙe bunsuru sai ya daina bin awaki, ya yi sanyi, ya tara kitse. Dalili shi ne, a cikin maraina ake yin wani sinadari mai bin jini. Likitoci suna kiransa testosteron. A jikin mutum, shi ne ke fito da gemu, ya buɗe murya, ya ƙarfafa tsoka da ƙashi, ya kawo sha'awar iyali.

Daga wajen shekara 40, sinadarin nan yakan ragu a hankali, kamar kashi 1 cikin 100 kowace shekara. Wannan ba ciwo ba ne. Amma a jikin waɗansu yakan ragu ƙwarai. Abubuwan da ke jawo haka su ne ƙiba, da ciwon sukari, da rauni a maraina, da hangum in ya kama babba, da giya, da ƙwayoyi irin su tramadol.

Ga alamunsa. Sha'awa ta ragu. Gaba ya yi rauni. Mutum ya gaji tun bai gama kunya goma ba. Gemu ya daina tsiro sosai. Damtse ya saki, tumbi ya fito. Rai ya riƙa ɓaci ba dalili.

In aka ƙyale shi, ƙashi yakan yi rauni har ya karye da 'yar faɗuwa. Jini ma yakan yi ƙaranci. A gida kuwa, sai miji ya ce sammu aka yi masa, mata ta ce ya daina sonta. Aure yakan mutu a kan abin da ke da magani.

Alamu kaɗai ba su isa shaida ba, gama waɗansu cututtuka ma suna kawo su. Sai an auna jini da safe, a kuma sake aunawa wata rana. Kada mu sayi maganin ƙarfin maza a kasuwa. Allurar testosteron ba da izinin likita ba tana iya hana haihuwa, ta sa jini ya yi kauri.

Mu je asibiti, mu faɗi gaskiya. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi.

Tambayoyi
1. A ina ake yin testosteron?
2. Faɗi alamu 3 na raguwarsa.
3. Yaushe ake auna jini?