Amsoshin Tambayoyinku: Fentin Tsohuwar Kujerar Kushin

Wata mai sauraronmu daga Gusau ta aiko tana tambaya, shin yana yiwuwa a shafa wa tsohuwar kujerar kushin fenti maimakon a sake mata yadi?

To, Malama, yana yiwuwa, amma bisa sharaɗi. Bayan kin kakkaɓe ƙura, kin wanke dauɗa da maiƙo, domin fenti ba ya kama yadi mai maiƙo, sai ki nemi fentin ruwa, ki tsinka shi har ya zama kamar madara, ki yayyafa wa yadin ruwa ya yi laima, sa'an nan ki bi shi da buroshi sau 2 ko 3, kina barin kowace shafa ta bushe sarai, kina kuma goge ta da samfefa mai laushi, don kada yadin ya sandare. Fentin mai kuwa ki nisance shi, gama ƙarshensa tsattsagewa. Ki zaɓi launin da ya fi na asali duhu, ki fara jarrabawa a bayan kujerar.

Amma fa idan soso ya mutu ko yadi ya yage, babu makawa sai kafinta. Tattalin abin hannu hikima ce, almubazzaranci kuwa Shari'a ta hana. Allah ya ba da sa'a.