Darasi A Kan Mutumin Da Ke Cewa "Ba Ni Iyawa"

Ya ɗan'uwana mai karatu, akwai wata cuta da ke kama samari, ba ta zuwa da zazzaɓi ko ƙurji, amma tana kwantar da mutum tun yana da ƙarfinsa. Alamarta magana ce guda: "Ba ni iyawa." Saurayi ya ga ƙofar makaranta ko ta sana'a a buɗe, sai ya ce, "Ni wane ne? Ubana masunci ne, ba mu da kowa a fada." Ya koma inuwa ya zauna, yana tsammani tawali'u ke nan. Mai tawali'u ya san baiwar da ke hannunsa ba shi ya halicce ta ba, saboda haka yakan yi aiki da ita. Matsoraci kuwa yakan binne tasa, ya kira tsoronsa ladabi.

I. Labarin Kanta

Ku mutanen Badariya, ba sai an kai ku wata ƙasa neman misali ba, gama kuna zaune cikin Birnin Kabi, Kabi kuwa Muhammadu Kanta ya kafa ta. Masu riƙe da labarin kaka da kakanni sun ce sa'ad da ubansa ya rasu, ba a ba shi sarautar gidansu ba. Ya fita ya shiga kiwon shanun Fulani. A can ya yi suna wajen dambe da kokawa, har samari suka taru a bayansa.

A zamanin nan babu sarki a yamma kamar Askiya Muhammadu na Songhai, mai mulkin Gawo da Tumbuktu. Kanta ya bi shi yaƙin Agadas wajen 1515. Da suka komo aka hana shi rabonsa na ganima, sai ya fita daga biyayya. Askiya ya aiko da runduna a 1517, ba ta iya da shi ba. Wani Askiya na baya, Muhammadu Benkan, ya sāke gwadawa, shi ma aka kore shi. Littafin Tarihin Sudan, wanda Abdurrahman Sa'adi na Tumbuktu ya rubuta, ya shaida wannan. Kanta ya gina Surame da ganuwar duwatsu, kufanta yana nan har yau. Daga can ne jikokinsa suka mai da sarauta Birnin Kabi wajen 1700, gidan tarihi na Argungu kuma sunansa yake ɗauke da shi.

II. Abin da za mu koya

Na fari, wanda aka tsallake ba a gama da shi ba. Da Kanta ya karɓi hukuncin danginsa a kansa, da ya mutu ba wanda ya san kabarinsa. Abin da mutane suka faɗa a kanka jiya, ra'ayinsu ne. Kada ka mai da shi hatimi a goshinka.

Na biyu, bai raina ƙaramin aiki ba. Makiyayi yana koyon tashin asuba, da jimrin ƙishirwa, da sanin hanyoyin daji, da kiyaye abin da ba nasa ba. Waɗannan su ne kayan aikin shugaban runduna. Kai da kake burin zama likita ko babban magini, aikin da ke hannunka yau shi ne makarantarka ta fari. Da rarrafe yaro kan tashi.

Na uku, babban abu kaɗan kaɗan ake yinsa. Wanda ya dubi ganuwar Surame gaba ɗaya zai ce ta fi ƙarfin mutum, amma kowane dutse hannu ne ya ɗauko shi. Idan burinka ya ba ka tsoro, raba shi: me zan yi a bana, me zan yi a wannan wata, me zan yi kafin faɗuwar rana? Shakka takan yi ƙiba a jikin mai zama, takan rame a jikin mai aiki.

III. Gargaɗi

Amma kada ka ɗauki Kanta dukansa. Shi mayaƙi ne, an kuma ce da aikin tilas ya gina Surame, har Nufawa da suka makara aka sa su kwaɓa ƙasa da man kaɗanya maimakon ruwa. Mai gudun raina kansa, ya yi hankali kada ya faɗa cikin raina waɗansu. Ka auna burinka da tambaya guda: in na same shi, wa zai amfana, wa zai yi kuka? Burin da ke ciyar da maƙwabci, ka bi shi da dukan ƙarfinka, kana roƙon Allah taimako. Wanda sai an taka maƙwabci a kai gare shi, ka bar shi, ko da kana iyawa.

Tambayoyi

1. Mene ne bambanci tsakanin tawali'u da tsoro?
2. Me Kanta ya koya wajen kiwo?
3. Wane hali nasa ne bai kamata mu bi ba?
4. Wane aiki ne ka daɗe kana cewa ba ka iyawa? Wane dutse guda za ka ɗora a kansa gobe da safe?