Kafin Ka Nemi Kuɗin Bincike, Ɗana

Ɗana, Allah ya yi maka albarka, ya sa koyarwar da ka fara a jami'a ta zama sanadin alheri gare ka da ɗalibanka. An ce mini kana shirin neman tallafin bincike daga asusun TETFund, kuma na ji daɗi, domin yaro mai neman kuɗin bincike ya fi mini yaro mai jiran ƙarshen wata kawai. Sai dai ina so ka ɗan zauna mu yi magana kafin ka ɗora hannu a kan kwamfuta, saboda akwai abubuwan da ba a rubuta su a takardar sanarwa, manya ne ke faɗa wa na baya.

Ka fara da sanin inda kuɗin nan ya fito. Malaman jami'a ne suka yi fafutukarsa, a zamanin da Attahiru Jega ke shugabancin ƙungiyar ASUU, lokacin da ɗakunan gwaje-gwaje suka bushe, laburare suka tsufa, malamai suna ta ficewa daga ƙasar. Bayan yajin aikin 1992 da yarjejeniyar da aka cimma da gwamnatin Janar Babangida, sai aka kafa dokar harajin ilimi a 1993, wadda ta wajabta wa kamfanonin da ke da rajista a Nijeriya su ba da kashi 2 cikin ɗari na ribarsu. A 2011 aka sake dokar, aka keɓe kuɗin ga manyan makarantun gwamnati kaɗai, wato jami'o'i da kwalejojin fasaha da kwalejojin ilimi, asusun ya ɗauki sunan da ka san shi da shi yanzu, daga baya kuma aka ɗaga harajin har ya kai kashi 3 a 2023. Saboda haka duk nairar da za ta shigo hannunka, ka sani daga ribar siminti da sukari da katin waya ta fito, ribar kuwa daga aljihun talakan da ya saya ta fito, mutumin da wataƙila ɗansa bai taɓa taka ƙofar jami'a ba. Wanda ya riƙe wannan a zuciyarsa ba zai kira kuɗin bincike rabonsa ba. Amana zai kira shi.

Ƙofofin neman tallafin biyu ne da suka shafe ka. Akwai ƙaramin tallafi da ake nema ta cikin makarantarku, wanda a baya aka daɗe ana ƙayyade shi a naira miliyan 2, kwamitin bincike na jami'arku ne ke fara tantance shi kafin a tura Abuja. Akwai kuma babban asusun bincike na ƙasa, inda ake gasa da malaman Nijeriya baki ɗaya, inda aikin da ya yi nasara kan iya samun har naira miliyan 50, kuma a can sai ka fara aika taƙaitaccen bayanin abin da kake son yi, in ya tsallake a nemi cikakkiyar takarda, in ita ma ta tsallake a kira ku ku kare ta baki da baki a gaban masana. Waɗannan adadin sukan canja, don haka ka karanta sanarwar shekarar da kanka tun daga farko har ƙarshe, kada ka dogara da abin da abokinka ya ce ya ji. Shawarata ka fara da ƙaramar ƙofa. Na san jinin ƙuruciya yana hango miliyan 50, amma masu tantancewa suna duba abin da mutum ya taɓa kammalawa, kuma wanda ya riƙe miliyan 2 ya kawo sakamako da lissafi tsaf, shi ake yarda a damƙa wa mai yawa. In kuwa babban malami ya gayyace ka cikin tawagarsa, ka shiga da ladabi ka koyi yadda ake yi, ko da sunanka ne na ƙarshe a jeri.

Yanzu ga abin da ya fi damuna, kuma a nan zan ɗan daɗe. Da yawa daga cikin yaranmu sai sun ji an buɗe neman tallafi sannan su fara laluben abin da za su bincika, su shiga intanet su kwaso batun da ake yayi a Ingila ko Amurka, su canja sunan gari su miƙa. Ɗana, waɗanda ke karanta takardun nan sun ga irinsu ɗaruruwa, kuma tun a shafin farko suke gane takardar da ba ta da uwa. Tambayar kirki tana riga sanarwa zuwa. Tana zuwa ne daga abin da ya daɗe yana hana ka barci: me ya sa ruwan rijiyoyin wani yanki ke lalata haƙoran yara, me ya sa tumatirin Kadawa ke ruɓewa kafin ya isa Legas, me ya sa yaro ke kai aji huɗu a firamare bai iya haɗa baƙi ba. Dubi malaman Cibiyar Binciken Aikin Gona ta Samaru a Zariya. Manomin wake ya daɗe yana kuka da tsutsar da ke cinye fure da kwanso, yana feshi sau da yawa a damina ɗaya, kuɗinsa na ƙarewa, lafiyarsa na taɓuwa. Malaman suka ɗauki wannan kukan, tare da abokan aiki na ciki da waje, suka shafe kusan shekara goma suna gwaji, har aka fitar da irin waken SAMPEA 20-T a ƙarshen 2019. Ko mutum yana da ra'ayi a kan wannan irin da aka sarrafa ƙwayar halittarsa, ba zai musa cewa tambayar daga gona ta fito ba. Saboda haka kafin ka rubuta komai, ka je wurin mutanen da matsalar ta shafa, ka zauna a kan tabarmarsu, ka saurara fiye da yadda za ka yi magana.

In ka zo rubutu, ka sauƙaƙa harshe. Cikin masu tantancewa akwai wanda ba fanninka ya karanta ba, kuma yana da tarin takardu a gabansa, ga gajiya, domin haka ka gaya masa tun a sakin layi na farko mene ne matsalar, wa take cuta, me aka riga aka gano, me ya rage, kuma ta wace hanya za ka bi. Kada ka yi alkawarin kawar da zazzaɓin cizon sauro daga Nijeriya cikin wata goma sha biyu. Ka ɗauki abin da hannunka zai iya kewayewa, ka faɗi iyakarsa da bakinka, domin mai faɗin iyakar aikinsa shi ake gaskatawa a kan sauran maganarsa. Aikin wani kuwa, ko jimla ɗaya ce, ka ambaci mai ita. Yanzu akwai manhajojin da ke tono satar rubutu, amma ko babu su, sunan malami in ya ɓaci a wannan fage yakan bi shi har ritaya.

Sai kasafi, inda ake gane halin mutum. Ka je wurin dillalan kayan gwaji ka karɓo farashi a rubuce, ka lissafa man janareta da kuɗin mota da ɗan abin da za ka ba ɗaliban da za su taya ka tattara bayanai, kuma ka tuna tun da darajar naira ta faɗi a 2023 kayan da ake shigowa da su daga waje ba sa zama a farashi ɗaya, saboda haka ka tsara sayen masu muhimmanci da wuri. Amma kada ka kumbura lissafi don ka samu rara. Kuɗin ba a dunƙule ake ba da shi ba, kashi-kashi ne, kuma ba a sakin na gaba sai ka kawo rahoto da rasidan na baya. Ka sayi littafi guda ka riƙa rubuta kowace naira a ranar da ta fita, ka adana kowane rasidi, ka girmama ma'aikatan ofishin kuɗi, domin ba maƙiyanka ba ne, su ma akwai masu binciken da ke bin bayansu.

Zan gaya maka abin da zai faru, don kada ya zo maka ba shiri. Ranar da kuɗin ya shiga, labari zai bazu, kuma buƙatu za su taso: kuɗin haya, asibitin wani ɗan'uwa, bikin ƙanwa, motar da ta tsufa. Dukansu gaskiya ne, albashin malami kuma ba ya isa, wannan ba sai an faɗa mini ba. Zuciya za ta ce ka ɗan ara ka mayar. Ɗana, kada ka fara, domin wanda ya ara sau ɗaya, ranar rubuta rahoto sai ya ƙirƙiro alƙaluman da bai auna ba, alƙaluman nan kuma wani likita ko wani jami'in gona zai iya gina shawara a kansu, cutar ta faɗa kan wanda bai san hawa ba bai san sauka ba. Kuma laifin mutum ɗaya yakan rufe wa na baya ƙofa. A ƙarshen 2024 asusun ya sanar da dakatar da tura malamai ƙarin karatu ƙasashen waje, cikin dalilan da ya bayar akwai tsadar canjin kuɗi, akwai kuma waɗanda aka tura suka gama suka ƙi dawowa. Yaran da ke layi suna jiran nasu lokacin ba su ci nanin ba, amma nanin ta ci su.

Mai yiwuwa a ƙi takardarka a karon farko, kuma za ka ji ana cewa sai mai uwa a gindin murhu ke samu. Ba zan ce maka kowane hukunci adalci ne ba, amma na ga takardun da suka wuce ba tare da kowa ya san mai su ba, don sun amsa abin da aka tambaya, sun zo kan lokaci, lissafinsu ya daidaita. In an dawo maka da gyara, ka ajiye ta kwana biyu zuciyarka ta huce, sannan ka karanta kamar wani aka yi wa. Ka kai ta wurin wani dattijo a sashenku wanda ya taɓa samun tallafin, ka roƙe shi ya yi mata jan biro ba sani ba sabo, ka kuma ba wani abokinka na wani fanni ya karanta, in bai fahimta ba ka sake rubutawa. Ka gama da mako biyu kafin ranar rufewa, domin sa hannun shugabannin makaranta yana ɗaukar lokaci, intanet kuma takan ƙi a ranar ƙarshe.

In Allah ya ba ka nasara ka kammala, za ka wallafa a mujallar masana, wannan wajibi ne kuma da shi ake ƙarin girma. Ka sa sunayen ɗaliban da suka sha rana tare da kai. Sannan ka ware ɗan kuɗi tun a kasafi don komawa garin da ka ɗebo bayanai, ka tara mai gari da manoma ko malaman firamaren da suka ba ka lokacinsu, ka faɗa musu da Hausa abin da ka gano da abin da za su iya yi da shi, in da hali ka nemi fili a gidan rediyon jiha ka maimaita. Ka gaida iyalinka, Allah ya yi jagora.