Yadda Ake Zaɓar Harsashi da Awon Albarushi ga Sabuwar Bindigar Toka

Bindigar toka, wadda ake kira adaka ko harba-ka-ruga, ta baki ake ɗura mata, albarushi da harsashi kowanne daban. Saboda haka maharbi da kansa ke yanke yawan abin da zai zuba, ba kamar mai bindigar kwanso ba da ke sayen harsashinsa a haɗe. A ƙasar Ƙaraye da Rogo yawancin waɗannan bindigogi aikin maƙera ne, kuma da wuya a sami biyu da faɗin bututunsu da kaurin ƙarfensu suka zo ɗaya. Awon da ya karɓi bindigar wani yana iya tsaga ta wani.

Kafin komai akwai maganar izini. Dokar Makamai ta Najeriya ta 1959 ta sa bindigogin da ake ɗura wa ta baki a rukuni na daban, lasisinsu kuma yana hannun 'yan sandan jiha. Daga nan sai a kai bindigar gaban Sarkin Baka ko wani tsohon maharbi ya duba bututu: ko akwai tsaga, ko walda ta rufe gindinsa sosai, ko ramin da wuta ke bi a buɗe yake.

Naman da za a nema shi ke zaɓar harsashi. Bututun adaka sumul yake daga ciki, ba shi da zanen murɗe irin na bindigogin da maharban Amurka ke harbin dabbobin dawa da su, wanda ke juya harsashi ya tafi saiti ɗaya har nesa. Don haka adaka bindigar kusa ce. Zomo da zabon daji da makwarwa, waɗanda aka fi samu a gonaki da fadamun kogin Challawa, ƙananan ƙwayoyin dalma ake zuba musu don su bazu. Gada da barewa sai manyan ƙwayoyi 'yan kaɗan, ko dunƙule ɗaya da ya kusa cika bututu, a naɗe shi da ƙyalle mai ɗan maiƙo. Dunƙulen dalma mai faɗin milimita 12 da rabi nauyinsa ya kusa giram 12. Idan ya yi sako-sako, ƙarfin albarushi ya zurare ta gefe. Idan sai an doka shi da ƙarfi kafin ya shiga, ya yi girma.

Dalma ce ta dace domin tana da nauyi da taushi. Guntayen ƙusa da ƙwallayen ƙarfe na keke, da wasu ke cusawa don araha, suna kankare bututu, suna iya cijewa a ciki, kuma idan suka bugi dutse sai su dawo. Sai dai dalma guba ce, kamar yadda annobar Zamfara ta 2010 ta nuna, inda ɗaruruwan yara suka rasu. Ba a narka ta a tukunyar girki ko kusa da yara, kuma ana yanke naman da ke kewaye da raunin a zubar.

Albarushi baƙi shi kaɗai ake zuba wa wannan bindiga. Garin da ke cikin kwanson harsashin zamani, wanda ba ya hayaƙi, ƙarfinsa ya fi abin da bututun maƙera zai ɗauka nesa ba kusa ba, ko ɗan kaɗan aka gauraya. Baƙin ma iri-iri ne: mai laushi yana ci da sauri, yana matsa wa ƙarfe, mai tsaki-tsaki ya fi dacewa da bututu mai faɗi. A Amurka kamfani kan rubuta iyakar awon kowace bindiga. Maƙeri ba ya ba da takarda, don haka a nan da gwaji ake gano iyakar, kuma daga ƙasa ake farowa.

Harbin farko ba a kafaɗa ake yin sa ba. Ana ɗaure bindigar a jikin itace a fili, a ja kunama da doguwar igiya daga bayan wani abin kariya, sannan a sake duba ƙarfen. Idan ta tsira, sai a kafa kwali a kamar taki 25, a yi harbi uku da awo ɗaya, a ga inda ƙwayoyin suka taru. Ana ƙarawa kaɗan-kaɗan, ana canza abu ɗaya tak a kowane zagaye, ko albarushi ko harsashi. Da zarar ƙwayoyi sun fara watsewa, ko bindiga ta soma shurin kafaɗa, an wuce wuri, sai a koma awon baya. Yawan ƙara ba shi ne ƙarfi ba. 'Yan bindigar hawan sallah sun fi kowa girgiza gari, alhali babu harsashi ko ɗaya a ɗurinsu.

Awon da aka tsaya a kai ana yanka masa ma'auni na ƙaho ko gora. Daga ma'aunin ake zubawa, ba daga bakin kwalba ba, domin wata ɓoyayyiyar wuta a bututu na iya kama duka. Albarushi ke fara shiga, sai tsumma, sai harsashi, sai wani tsumman ya riƙe ƙwayoyin. A tura da sandar ɗuri har komai ya zauna daram, domin gurbi tsakanin albarushi da harsashi yana kumbura bututu ko ya fasa shi. Tsofaffin maharba da yatsu suke auna abin da sandar ta rage a waje. Yi mata alama biyu, ta bindiga fanko da ta mai ɗuri, ya fi tabbas, kuma yana hana ɗuri a kan ɗuri. Abin kunna wutar shi ne na ƙarshe.

Idan aka ja kunama ba ta tashi ba, a bar bakin yana kallon inda babu kowa na aƙalla minti ɗaya, domin albarushin da ya sha laima yakan makara. Hakan ya fi faruwa da damina. Bayan harbi ana wanke bututu da ruwan zafi a ranar, a busar, a shafa mai, saboda tokar albarushi tana jan danshi tana cin ƙarfe. In an sayo sabon albarushi daga wani hannu, ana rage awo a sake gwajin kwali.